Awon Cikin Malam Datti

Shafi na 17

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Masu turo min "ina shafin yau" tun ban sauke tukunyar koko ba, duk na gan ku, Allah ya shirye ku. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in ba ki lambar Ihsan ta zo ta auna miki tumbin maigida, karanta wannan tukuna. In kin gama kina so har yanzu, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka faɗo mana: Ihsan 'yar Malam Datti ce, malamin zaure a cikin garin Rano. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a shi ke wankan gawa a unguwarsu, shi ke shiga kabari ya karɓi mamaci. Matarsa Maimuna ta rasu shekarun baya, gidan daga shi sai Ihsan. Sunanta na yanka Khadijatu, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata.

Da cikin Malam ya fara turo riga, Ihsan ta ɗauko dabarar da ta koya a wani guruf na mata masu rage ƙiba. A auna wuya, a auna ciki daidai cibiya, a saka tsawon mutum, waya ta lissafa kitsen jikinsa kashi nawa ne cikin ɗari. Ita dabarar ta yi mata aiki, har matan unguwa suna zuwa ta auna su. Don haka duk safiyar Juma'a sai ta auna Baba da tef ɗin ɗinkin mahaifiyarta. Lambar kullum hawa take yi, ita kuma kullum ƙara tsuke masa abinci take yi. Ta soke tuwon dare, ta soke fura da nono, nama kuwa sai dai ya ji ƙamshinsa daga maƙwabta. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami.

To, yau Juma'a, kuma an yi baƙuwa.

Hantsi ya ɗaga, Ihsan ta fito da tef rataye a wuya, waya a hannu, sai ga sallama a tsakar gida. Gwaggo Ramlatu ce daga Kibiya, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta aiko tana zuwa ba. Ga ƙullin fura a leda, ga kwalbar man shanu a hammata.

"Lale da Gwaggo! Ina kwana? Ya hanya?"

"Ina ƙanena?"

"Yana ɗaki. Yanzu ma zan shiga in auna shi."

"Ki auna shi? Hatsi ne?"

Ihsan ta yi 'yar dariya, Gwaggo ba ta taya ta ba.

"Jiya a kasuwa wata 'yar Zinyau ta tare ni wajen masu tumatir. Ta ce ta ga Datti a ƙofar masallaci, ba don muryarsa ba da ba ta gane shi ba. Na ce ƙarya take. Ta ce in zo in gani."

"Ai sauƙi ne yake samuwa, Gwaggo. Jikin ya fara saki, cikin ne kawai mai taurin kai."

"Wuce mu je."

Ɗakin Malam da duhu, labule a sake. Yana zaune kan tabarma ya jingina da bango, an tokare masa baya da matashi. Hularsa ta zurmo har kan kunne.

"Yaya, ke ce da hantsin nan?"

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa. A hankali ta durƙusa ta ajiye kwalbar man shanun, kamar mai tsoron kada ta suɓuce.

"Datti, wa ya yi maka haka?"

"Allah ne, Yaya."

"Allah yana nan, amma mugun mutum ma yana nan. Wannan jifa ne. Tun da ka raba gadon gidan nan na bayan kasuwa na san ba za su bar ka ba. Akwai wani mai magani a wajenmu, gobe-gobe za mu je."

"Ba jifa ba ne, Gwaggo," in ji Ihsan. "Kitse ne. Bari ki gani da idonki."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. Malam ya ɗaga haɓa kamar yadda ya saba. Ta zagaya tef ɗin a wuyansa, ƙasa da maƙogwaro kaɗan.

"Inci sha uku da rabi. Da muka fara sha biyar ne. Kin ga ana samun ci gaba."

Ya ɗage rigarsa da kansa. Ta miƙa hannu biyu ta zagayo bayansa, sai da kumatunta ya kusa taɓa ƙirjinsa kafin bakin tef ɗin ya haɗu.

"Baba, saki numfashi. Kada ka shanye cikin."

"Na saki, Uwata."

Da ta ja tef ɗin ya zauna, cikin ya motsa. Ta danna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya amsa, kamar an taɓa ledar ruwa. Ba yau ta fara ganin haka ba. Kullum sai ta kawar da kai ta duba lamba.

"Arba'in da shida."

"Nawa kika ce?" Malam ya tambaya.

"Arba'in da shida, Baba."

Leɓɓansa suka motsa, yana maimaitawa a ransa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Ihsan ta danna waya ta juya wa Gwaggo fuskar wayar.

"Kin gani? Kashi talatin da takwas cikin ɗari na jikinsa kitse ne. Da farko ashirin da takwas ne."

"Ita wayar ta shiga cikin nasa ne ta gano?"

"A'a, lissafi take yi. Tana cire awon wuya daga awon ciki. In tazarar ta yi yawa, kitse ya yi yawa. Wato in ciki ya ƙaru, ko kuma wuya ya..."

Ta ƙura wa wayar ido.

"Wuya ya me?" in ji Gwaggo.

"Ko wuya ya ragu."

Maganar ta fito a hankali. Ita da bakinta ta faɗa, ita kuma ta ji. Wayar ba ta san ramar mutum ba. In wuya ya tsotse sai ta ce kitse ya ƙaru. Ihsan ta kalli wuyan mahaifinta, jijiyoyi duk a waje. Ta kalli damtsensa da bai fi muciya ba.

Gwaggo ta miƙe ta yaye labulen taga.

"Yaya, sake shi, hasken yana damuna."

Ba ta sake shi ba. Haske ya faɗo kan fuskarsa, su biyun suka ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo. Ta zare tef ɗin daga hannun Ihsan tana jujjuya shi. "Wannan ai na Maimuna ne. Da shi ta auna ni ɗinkin sallar da ta yi min na ƙarshe." Sai ta tsaya. Ta ware shi tsakanin hannayenta biyu, ta kalle shi, ta kalli ƙanenta.

"Har da tsawon mutum ake sakawa?"

"E, sau ɗaya ake aunawa, tun farko."

"Wannan abin bai kai tsawon Datti ba. Da me kika auna shi?"

"Da kara."

"Da me?"

"Karan dawa, Gwaggo. Na gwada shi a jikinsa na karya daidai tsawonsa, sannan na auna karan da tef sau biyu."

Gwaggo ta dafe ƙirji.

Ku 'yan birni da kuka tashi a kan tayil, bari in gaya muku abin da ya sa. A wajenmu in mutum ya cika, kara ake ɗaukowa a gwada tsawonsa, a karya, a ba wani ya ruga da shi maƙabarta. Da shi masu haƙa suke sanin tsawon ramin. Ba a gwada mai rai da kara. Ko yara aka gani suna wasan haka, sai an zane su.

"Ke Ihsan!" Muryar Gwaggo ta canza. "Ubanki kika gwada da kara? Yana numfashi? Bokon ne ya cinye miki hankali, ko ba a garin nan aka haife ki ba?"

"Wallahi Gwaggo ban kawo komai a raina ba. Tef ɗin ne ya gaza. Na ce bari in yi alama a bango, sai Baba ya ce..."

Ta waiga ta kalli mahaifinta.

"Ya ce me?"

"Ya ce in zaro kara a jikin danga, ya fi sauƙi."

Gwaggo ta juya ta kalli Malam. Shi kuwa carbinsa yake ja, idonsa a ƙasa.

"A tsaye kika gwada shi?"

"A'a. Ya ce tsayuwa na sa shi jiri. Ya kwanta a nan kan tabarma."

"Yaya ya kwanta?"

Ihsan ta kalli tabarmar. Ta tuna ranar sarai. Ta tuna har dariya ta yi masa, ta ce Baba rigingine ake yi. Ya ce a'a, haka ya fi masa daɗi. Ya kwanta kan damansa, ya miƙe ƙafafu ya haɗe su, ya fuskanci gabas.

"Kan damansa," ta ce.

"Ina karan yake?"

"Na jingine shi a bayan ƙyauren zaure."

"Je ki ɗauko min in karairaya shi in sa a murhu. Maza!"

Ihsan ta fita ko takalmi babu. Ta ja ƙyauren zaure. Ga tsintsiya, ga buzun Malam a naɗe, ga tsohuwar fitila. Ta ɗaga buzun, ta leƙa bayan tulin littattafai, ta duba har saman azara. Babu kara.

Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana haki.

"Babu shi."

"Ba za ki gan shi ba," in ji Malam. "Ku zauna."

"Datti, ina ka kai karan?"

"Yaya, zauna. Tsayuwarki a kaina tana ƙara min nauyi."

Suka zauna. Ya ɗauki lokaci yana neman numfashi kafin ya fara.

"Uwata, kin tuna ranar da na ce miki zan shiga Kano neman littattafai, na dawo hannu wofi?"

"Ka ce ba ka samu ba."

"Asibiti na je. Suka ɗebi jinina. Suka shafa min wani abu mai sanyi a ciki suka ɗora na'ura. Likitan ya ce hanta ce, ta ƙandare. Abin da ke cikin nan ruwa ne, babu kitse ko na miya."

"Ruwa," in ji Ihsan.

"Suka ce a ba ni gado. Na ce bari in je gida in shirya in dawo."

"Wannan kafin in fara auna ka ne ko bayan?"

"Kafin."

Wayar ta zame daga cinyarta ta faɗi kan tabarma, lambar nan talatin da takwas tana nan a fuskarta.

"Baba, na hana ka tuwo. Na hana ka nono. Ranar da aka aiko da naman suna daga gidan Liman, a gabanka na bayar da shi. Kana kallona. Ka bar ni ina kashe ka da yunwa, ina murna wuyanka na raguwa?"

"Ko kin ba ni ba ya shiga. Loma biyu nake yi in ji kamar na haɗiyi dutse. Da ba ki kafa dokar nan ba, da tuni kin gane ba na iya ci. Dokarki ce ta rufa min asiri."

"Ni ka mayar labule kenan."

"Ki yafe min."

Kuka ya ƙwace mata. Ni kaina da nake rubutawa raina ya ɓaci da Malam a nan, ba zan ɓoye muku ba. Dattijo ne, mai ilimi ne, amma abin da ya ɗora wa yarinyar nan ba ƙarami ba ne.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ido ta kafa masa.

"Ban ji amsar tambayata ba. Ina karan? Kuma in ka san ruwa ne, me ya sa duk Juma'a kake ɗage mata riga? Na ga bakinka yana motsi da ta faɗi lamba. Wa kake haddace wa?"

Malam ya ajiye carbin.

"Karan yana Rurum Tsohon Gari, wajen Hammadu."

"Wane Hammadun?"

"Kin san shi."

Ta san shi. Duk wanda ya fito daga Rurum ya san Hammadu. Magini ne, kuma shi ke haƙar kabari a maƙabartar da iyayensu suke kwance, inda aka kai Maimuna.

"Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba," in ji Malam. "Mata ba sa zuwa maƙabarta, shi ya sa ba ku sani ba. Mazan da suka je kuma sun rufa min asiri, Allah ya saka musu."

"Wane abu?"

"Ranar da aka kai Maimuna."

Ihsan ta ɗago kai.

"Kun ga yadda ta kumbura kafin ta cika. Aka kai kara Rurum, Hammadu ya haƙa daidai tsawonta. To amma kara tsawo kawai yake nunawa. Ni na shiga na karɓe ta. Na juya ta kan damanta zan kwantar da ita a ƙaramin ramin nan na ciki, ta ƙi shiga."

"Datti, ya isa."

"Bai isa ba, ke kika tambaya. Muka gwada ta nan, muka gwada ta can. Sai wani daga sama ya ce a ɗan danna." Muryarsa ta karye. "A danna Maimuna, Yaya."

Ihsan ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Na ce a fito da ita. Aka mayar da ita kan makara, a tsakiyar rana, likkafani duk ya ɓaci da jar ƙasa. Kin san wurin, dutse ne a ƙarƙashi. Hammadu yana sara, diga tana tartsatsi, jama'a suna tsaye kowa na kawar da kai. Har aka kira la'asar tana kwance a waje. Na wanke mutanen unguwar nan ba adadi, na kwantar da kowa cikin mutunci. Matata kaɗai na kasa."



"Da likita ya ce cikin nan ƙaruwa zai yi ta yi, abin da ya fara zuwa raina kenan. Ba za a tsaya a kaina ana cewa a danna ba. To yaya zan yi? In ce wa 'yata zo ki auna ni don kabari? Sai ga ki kin shigo da tef ɗin uwarki kina min bayanin kitse. Na ce Allah ne ya kawo sauƙi."

"Lambar da nake faɗa maka..."

"In kin fita sai in kira Hammadu in gaya masa. Yana da nasa tef ɗin na gini. Yakan lanƙwasa wayar ƙarfe ya yi zobe daidai lambar, ya zura a ramin. In zoben ya maƙale sai ya ƙara sara."

"A ramin?" in ji Gwaggo. "Wane ramin?"

"Kusa da Maimuna. An rufe shi da zana."

Jama'a, wallahi a nan sai da na ajiye wayar na je na sha ruwa. Duk Juma'ar duniya yarinyar nan tana durƙusawa da murmushi tana cewa Baba saki numfashi, ashe faɗin kabarinsa take aunawa.

Ihsan ta share fuska da bakin hijabinta. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tasa.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma don Allah kada ka ɓoye min. Likitan cewa ya yi babu magani?"

"Bai ce ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce a cire ruwan, a ɗora ni kan magani, a ga abin da Allah zai yi. Ya ce kada in ja lokaci."

"To me muke jira?"

"Haka suka ce wa Maimuna."

"Inna daban, kai daban! Kai da kake karantar da mutane cewa neman magani ba ya karya tawakkali? Da kunnena na ji ka a zaure kana gaya wa masu ɗaukar karatu. Su ka gaya wa, kai ban da kai?"

Malam ya kawar da kai.

"Datti," in ji Gwaggo, "dube ni. Ni na goye ka a bayan nan. Maganar mai magani na janye ta, jifa ko ba jifa ba. Yau za ka kwana a asibiti. Ka shirya wa mutuwa, mun gani, ka iya. Saura ka bar mu mu ma mu yi namu."

"Yaya, hanyar Kano da nisa. Jikin nan ba zai ɗauki jijjigar mota ba."

"Za a shimfiɗa maka katifa."

"A bari a sauko daga masallaci."

"Ba za a bari ba."

Ta miƙe za ta ɗauko masa babbar riga a jikin ƙusa. Ƙafarta ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado, ya yi ƙara. Ta sunkuya ta jawo. Tasa ce an rufe da faifai.

"Bar shi nan, Yaya."

Ta ɗaga faifan.

An barbaɗa toka a kai, amma tokar ta jiƙe. Abin da ke ƙasa baƙi-baƙi ne da ja, kamar zoɓon da ya kwana, da guda-guda a ciki.

"Wannan jini ne," in ji Gwaggo. "Amansa ka yi?"

Ya gyaɗa kai.

"Yaushe?"

"Bayan na idar da sallar asuba."

"Ina tsakar gida ina dama maka ruwan lemon tsami," in ji Ihsan. "Na ji kana tari. Na tambaye ka, ka ce ƙwarewa ka yi."

Ba ta jira amsa ba. Ta wawuri wayarta, ta wawuri tef ɗin daga ƙasa ba tare da ta san ta ɗauka ba.

"Gwaggo, sa masa riga. Zan kira mai mota daga tasha, ko shata ce a ɗauka. In bai ɗaga ba da ƙafata zan je."

"Uwata."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ki yafe min na ce. Ba ki amsa ba."

"Sai mun isa Kano zan amsa."

Ta fita. A ɗaki wayarta ba ta kama sabis sosai, sai a zaure. Tana tafe tana neman lamba. Ta shiga zauren kenan ta ji an kashe babur a ƙofar gida.

"Salamu alaikum. Malam yana ciki?"

Wani dattijo ne baƙi, gajere, hannayensa duk kanta, ƙafar wandonsa da jar ƙasa. Ihsan ba ta taɓa ganinsa ba. Amma ta ga abin da aka ɗaure a gefen babur ɗin da roba: dogon karan dawa, da zoben waya a rataye a jikinsa. Ta gane karan. Ga inda ta karya shi da hannunta.

"Kai ne Hammadu."

"Ni ne, 'yata. Ke ce mai awon?"

"Juya ka koma."

"Ban zo da sharri ba."

"Ka koma na ce! Ubana yana da rai. Ka je ka cike ramin nan yau ɗin nan, ka ƙona wannan karan. Kano za mu kai shi."

Hammadu bai yi fushi ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wallahi in za a kai shi, ni zan fi kowa murna. Cike rami ba wuya, kafin la'asar na gama. Tun farko sai da na ce masa Malam wannan ba tsari ba ne, ya ce in tuna ranar matarsa. Na tuna, shi ya sa na kasa ƙi."

"To me ya kawo ka? Ba a waya yake gaya maka ba?"

"A waya ne kullum." Ya jujjuya hular. "Yau ne da sassafe ya kira ni. Ya ce kada in jira waya, in zo da kaina in karɓi awon yau."

"Don me?"

"Ya ce in na karɓa kada in koma Rurum tukuna. In zauna a zaure. Ya ce kada in yi nisa."

Wayar da ke kunnen Ihsan tana ta ringi, mai motar bai ɗaga ba. Ta kalli hannunta na hagu. Tef ɗin Maimuna ya naɗe mata a yatsu, babban yatsanta yana kan arba'in da shida.

Daga cikin gida aka ji ƙarar tasa ta kife a kan siminti.

Sai salatin Gwaggo.

Ihsan ta juya za ta ruga, muryar Gwaggo ta riga ta isowa zauren. Ku da kuka san gidajenmu kun san namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Mace ba ta kiransa ciki sai in akwai wanda za a ɗauka.

Ba sunan Ihsan Gwaggo ta kira ba.

"Wane ne namiji a zauren nan? Ko wane ne, ya shigo!"